Gugan Turawa

Mutane suna cewa na yi wa Aƙilu mugunta a ƙasar Turawa. To, na yi. Ban taɓa musantawa ba, kuma ba yau zan fara ba. Abin da nake roƙo kawai, duk mai ba da labarin ya faro shi daga bakin rijiyar Unguwar Tsamiya, kada ya faro shi daga kan dutsen ƙanƙara.

Ni ne Hadi, ɗan Sulle mai haƙar rijiya. Unguwar Tsamiya ƙauye ne can gefen Jajaye, a ƙasar Rogo, kuma haƙar rijiya a gidanmu gado ce. Babana da ƙanensa, Baffa Audu, tare suke aiki: ɗaya ya shiga, ɗaya ya riƙe igiya. Sana'ar tana da ƙa'ida guda wadda har yaran gari sun sani. Muddin akwai mutum a kan igiya, mai riƙon ba ya gaisuwa, ba ya amsa sallama, ba ya waiwaye, ko da hakimi ne ya zo wucewa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan rashin ladabi, don kowa yana shan ruwa.

Ina ɗan shekara goma sha tara, wata ranar Talata da hantsi, Di'o, Baturen mulki, ya biyo ta garinmu yana rangadi. Rijiyar ta kai gaba goma sha biyu, Baba yana cikin sauke Baffa Audu. Da dokin Bature ya ɓullo, duk wanda ke wurin ya cire takalmi ya zube, goshi a ƙasa. Baba kaɗai ke tsaye, ya dogare da ƙafa, igiya na bin hannunsa a hankali. Ni kuwa ina tafe daga bayan tulin ƙasa da jakinmu, shi ya sa na ga abin da kowa bai gani ba.

Aƙilu ɗan dagacinmu ne. Lokacin bai daɗe da fitowa daga makarantar elemantare ba, shi ke yi wa ubansa rubutu, kuma yana tafe a ƙasa bayan dokin da bulalar dorina a hannu, yana neman Bature ya san da zamansa. Ya ce wa Baba, "Faɗi." Baba bai ko dube shi ba. Sai ya zabga masa bulalar a bayan hannu, ya sake zabgawa. A ta biyun igiya ta kuɓuce. Baba ya kai hannu ya cafke, ta yage masa fata har nama, amma ina. Mun ji faɗuwar Baffa Audu daga ƙasa. Bature bai ma juyo ba, dokinsa ya riga ya yi gaba.

A gaban alƙali, Aƙilu ya ce shi bai ga komai ba face Sulle ya tsorata da doki ya saki igiya. Aka tambaye shi ko ya san cewa mai igiya ba ya gaisuwa, ya ce shi bai taɓa jin wata ƙa'ida irin wannan ba, ɗan makaranta ne shi, ina ruwansa da rijiya. Na miƙe zan yi magana, aka ce ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa. Sauran mutane kuwa goshinsu na ƙasa, me za su ce sun gani? Shatin bulalar ma ya ɓace cikin raunin igiya. Aka rubuta sakaci, aka sallame mu.

Ba a ɗaure Baba ba, da ma ɗaure shi aka yi. Kafin sati ya zagayo an raɗa masa suna Saki-Igiya, gidanmu ya zama gidan Saki-Igiya. Ba wanda ya sake ba shi riƙo, ko na gugan ban ruwa. Inna Kande, matar Baffa Audu, ta toshe ƙofar da ke tsakanin sashenta da namu da zana, ba ta ƙara yi wa mahaifiyata Hajo magana ba. Baba ya yi shekara bakwai yana zaune a zaure yana kallon hannuwansa, sannan ya rasu. Ranar jana'izarsa na ji wani yana tambaya, "Wane Sullen? Saki-Igiya?" Abin da nake nema a duniya tun daga ranar guda ɗaya ne: Aƙilu ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a gaban wanda za a yarda da shi.

Na shiga aikin rijiyoyin En'e a matsayin lebura, na zama heluma mai kula da lebura, na shiga ajin yaƙi da jahilci da gemuna, har aka wayi gari ni ne malamin rijiyoyi na Karaye da Rogo. Aƙilu kuwa ya zama magatakardan gunduma, ya yi tumbi, rawaninsa ya fi kansa girma. In mun haɗu nakan gaishe shi yadda ake gaida na gaba, shi kuma ya ce, "A'a, ɗan Sulle, yaya igiya?" ya yi dariya. Shekara ashirin da ɗaya ina haɗiye wannan dariyar.

A alif ɗari tara da hamsin da biyar aka ɗebi wasu ma'aikatan En'e zuwa kos na ƙaro ilimi na wata uku a Ingila. Daga ɓangarenmu mu uku ne: ni, da Aƙilu, da Malam Ilu, muhuti mai taimaka wa alƙalin Karaye, dattijon da in ya ce ya ga wata to a ɗauki azumi. Da aka gama kos, sai aka tsallaka da mu wata ƙasa mai duwatsu don buɗe ido. Sunan garin da muka sauka ya fi ƙarfin bakina. Gari ne a gindin dutse, ko'ina fari fat da ƙanƙara, mutanensa ba su da aiki sai su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su hau tudu su sulalo, su sake hawa su sake sulalowa. Har da tsofaffi masu furfura. Malam Ilu ya daɗe yana kallonsu ya ce, "Allah mai iko, waɗannan sun ƙoshi."

Abin alfaharin garin wata mota ce da ba ta taka ƙasa. Akwati ne na katako da gilashi, kamar ɗan ƙaramin ɗaki, an rataye shi a igiyar ƙarfe da ta tashi daga gari har ƙolin dutse. Baturen da ke mana jagora, wanda ya yi aiki a Kano ya iya Hausa, ya ce tun kafin yaƙin Jamus na farko aka kafa ta, ta fi shekara arba'in, mutane daga ƙasashe suke zuwa don su hau. Ina ɗaga kai na gane ta. Na ce, "Ai wannan guga ne." Kowa ya yi dariya, ban da Aƙilu. Na lura tun muna nesa ya daina kallon sama, kuma leɓensa ya bushe.

Kafin a hau, aka shiga da mu ɗakin inji. Wata ƙatuwar ƙafa ta ƙarfe, mai kama da ta keke, na juyawa, igiya mai kaurin damtsena tana bi ta kanta, ko'ina ƙamshin man inji. A gaban wata taga ga wani tsoho tsaye, hannu ɗaya a kan sandar birki, ido a kan igiya. Jagora ya yi masa magana da yarensu, ya nuna mu, baƙi daga nesa. Tsohon bai waiwayo ba. Ko kai bai gyaɗa ba.

Aƙilu ya ja tsaki ya ce, "Wannan wane irin marar tarbiyya ne? Manyan mutane sun shigo, ko kallo?"

Jagora ya ce, "Akwai mutane a kan igiya, Malam. In akwai mutane a kai, ko sarkin ƙasar ne ya shigo ba zai juyo ba. Haka ubansa ya yi a nan wurin kafin shi."

Wallahi sai da na dafa bango. Tsayuwar ce sak, ƙafa ɗaya gaba, kafaɗa a karkace, kamar Baba a bakin rijiya. Na dubi Aƙilu, ya kawar da kai, ya ce ƙarar injin ta dame shi, ya fice. Malam Ilu ya bi shi. Ni na tsaya, raina yana tafasa, na yi ta jero wa jagora tambayoyi irin na masu sana'a: sau nawa ake duba igiyar, me ke riƙe akwatin in inji ya mutu. A nan ya gaya mini cewa birki biyu gare ta, ko tsohon ya faɗi matacce ba za ta motsa ba. Ya ƙara da cewa in an ɗauko baƙi, tsohon yakan tsayar da ita daidai tsakiya, inda kwarin ya fi zurfi, na minti biyar, don a more kallo. Ya ce in gaya wa abokaina kada su firgita. Na ce to, zan gaya musu.

Ban gaya musu ba.

Akwatin mutum huɗu yake ɗauka. Jagora da wasu suka tafi a sahun farko. A na biyu aka sa ni da Aƙilu da Malam Ilu, sai ma'aikacin da ke rufe ƙofa, wanda bai jin Hausa balle ya sa mana baki. Aƙilu ya so ya zame, ya ce ƙafarsa na ciwo. Na ce, "Haba Magatakarda, a koma Rogo a ce malamin rijiya ya hau, kai ka tsaya a ƙasa?" Ya harare ni ya shiga.

Aka buga ƙararrawa, akwatin ya yi wani lilo ya rabu da ƙasa. Rufin gidaje ya koma ƙarƙashinmu, masu katakai a ƙafa suka zama kamar tururuwa a kan garin tuwo. Dogayen itatuwa masu tsini suka wuce ta ƙasan ƙafarmu. Duk sanda muka zo kan wata dirkar ƙarfe sai akwatin ya yi gargada, Aƙilu ya ƙanƙame ƙarfen jikin taga da hannu biyu. Malam Ilu yana jan carbi, amma idonsa a buɗe, yana cewa, "Tabarakallah." Gaskiya wurin yana da kyau, sai dai ni ba kallon dutse na zo yi ba.

Muna kaiwa tsakiya, ƙarar igiya ta ɗauke. Akwatin ya tsaya cak, ya yi gaba ya yi baya, ya ci gaba da lilo a hankali. Ƙasa ta yi nisan da rijiya goma ba su kai ba, can ƙarƙashi wani rafi baƙi yana ratsa ƙanƙara. Ba ka jin komai sai iska tana busa ta kafar ƙofa.

Aƙilu ya ce, "Me ya faru? Hadi, me ya faru?"

Yau ni ne Hadi, ba ɗan Sulle ba. Na leƙa ta taga wajen gari, na daɗe ina kallo, sannan na girgiza kai.

Na ce, "Kamar wani babba ne ya iso ɗakin inji. Ga mota can, ga mutane sun taru."

"To sai me?"

"To ai ka ji abin da ka ce ɗazu. Ina jin an gaya wa tsohon cewa baƙi sun yi ƙorafi ba ya gaisuwa. Ka ga kuwa yanzu dole ya gyara hali. Zai saki sandar ya je ya faɗi."

Ƙarya ce tsagwaronta, ba mota ba kowa. Amma Aƙilu bai iya leƙawa ba balle ya gani. Iska ta sake kaɗa mu, katakon ƙasa ya yi ƙara, sai ya zube a tsakiyar akwatin, rawani ya warware.

Ya ce, "Kada ya saki. Ku gaya masa kada ya saki." Ya kama ƙafar wandon ma'aikacin nan yana jijjigawa, mutumin ya dube shi ya dube ni, na ɗaga masa kafaɗa. "Kada ya saki! Mai igiya ba ya gaisuwa, kowa ya san haka, ko hakimi ne ba ya gaisuwa!"

Carbin Malam Ilu ya tsaya.

Na tsuguna daidai fuskarsa. Na ce, "Ashe ka san ƙa'idar, Magatakarda. Tun yaushe ka san ta?"

"Tun ina yaro. Hadi, don Allah."

"A gaban alƙali ka ce ba ka taɓa jin ta ba."

Na miƙe na taka gefe guda da nauyina duka, akwatin ya ƙara karkata. Eh, na yi wannan ma, a rubuta.

Na ce, "In faɗuwa za mu yi, Baffa Audu na can yana jira, Baba ma yana can. Gara ka faɗa a nan kafin ka faɗa a can. Me ya sa igiya ta kuɓuce wa Sulle?"

Ya ce, "Ni ne. Na doke shi."

"A ina?"

"A hannu."

"Sau nawa?"

"Sau biyu. Bai saki ba, ni na sa. Astagfirullah, ni na sa."

Na juya na ce, "Allah gafarta Malam, ka ji?"

Malam Ilu ya ce, "Na ji."

Ban san minti biyar na da tsawo haka ba, kuma da a ce tsohon zai ƙara biyar, da na gode masa. Ina tsaye ina kallon ƙeyar Aƙilu a ƙasa, goshinsa a kan katako, daidai yadda ya so Baba ya yi. Daɗin da na ji ba zan ɓoye shi ba, har cikin ƙashina na ji shi. Can aka buga ƙararrawa, igiya ta ɗauki ƙara, muka ci gaba da hawa lafiya lau.

A ƙolin dutse da rarrafe ya fito. Turawa suna shan shayi a rana, suna ta kallonsa. Jagora ya tarye mu da fara'a ya ce, "Yaya kuka ga tsayawar tsakiya? Hadi ya gaya muku, ko?" Aƙilu ya ɗago ya dube ni. Na dube shi nima, ban ƙifta ba. Da za a sauko, a kwance ya sauko, ya rufe fuska da rawani.

Da yamma a masauki Malam Ilu ya kira ni gefe. Ya ce, "Ka san za ta tsaya."

Na ce, "Na sani, Allah gafarta Malam."

Ya ce, "Abin da ka yi ba kyau, kuma a shari'a maganar da aka yi cikin firgita ba a hukunci da ita. Amma ni ba hukunci zan yi ba. Abin da kunnena ya ji, ya ji, in an tambaye ni zan faɗa."

Na ce ni ma iyakar abin da nake so ke nan.

Mun dawo ana tsakiyar cinikin gyaɗa. Ban ko kwance kaya ba na ɗauki Malam Ilu a bayan keke har Unguwar Tsamiya, na yi sallama a ƙofar Inna Kande. Ta tsufa, ido ya yi rauni. Malam ya zauna a zaure ya gaya mata abin da ya ji, kalma bayan kalma, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya gama ta tashi ta koma ciki. Washegari da safe mahaifiyata na shara sai ta ji ana yaye zanar nan ta tsakani. Inna Kande ta shigo ta zauna a kan turmi, ta ce, "Hajo, ba ni ruwa in sha." Suka zauna suna kuka, ni kuma na fita waje don kada su ga nawa.

Da a nan na tsaya, da ba wanda zai ce na yi mugunta. Amma ban tsaya ba. Ba a kori Aƙilu daga aiki ba, ba a kira shi ko'ina ba, yana nan da tumbinsa, ni kuwa wannan bai ishe ni ba. Na ba da labarin a kasuwar Rogo, na ba da shi a Fulatan, na ba da shi a Kafin Dafga, duk inda aka kafa sabuwar rijiya sai na ba da shi, har da kwaikwayon murya da yadda rawani ya warware. Kafin damina ba mai ce masa Magatakarda a bayan idonsa, sai Kada-Ya-Saki. In ya wuce a kan keke, yara su bi shi da shi. Sunan Saki-Igiya kuwa ya mutu, aka koma cewa gidan marigayi Sulle. Ranar da na fara jin haka a bakin wani baƙo, sai da na sa ya maimaita.

Bara da rani aka ce rijiyar Unguwar Tsamiya na son yasa. Yanzu ina da lebura goma, ba ni ke riƙo ba, amma wannan rijiyar ba na ba kowa igiyarta. Na sauke mutum ke nan sai ga 'yan mata sun zo da tuluna, suka tsaya jira a gindin tsamiya. A cikinsu akwai Maijidda, 'yar autar Aƙilu, ba ta wuce shekara goma ba, an kawo ta wajen kakarta. Wata ta fara, sauran suka ɗauka, suna tafi suna zagaya ta: "'Yar Kada-Ya-Saki, 'yar Kada-Ya-Saki." Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ƙiƙam, ta rungume tulunta, tana kallon ƙasa. Na san wannan tsayuwar, ƙannena mata sun yi ta shekara da shekaru a gindin wannan tsamiyar.

Can ta matso kusa da ni, don ni kaɗai ne babba a wurin. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, ina kwana. Baffa, ka ce su bari."

Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta watsa su. Ban amsa ba, ban waiwaya ba. Ta jira, ta sake jira, sannan ta ɗauki tulunta ba ruwa ta tafi, suna biye da ita.

Leburorina suka ce mata ta yi haƙuri, ƙa'ida ce, mai igiya ba ya magana. Haka kowa ya ɗauka har yau. Amma mutumin da na sauke ya daɗe da taka ƙasan rijiyar, har ya fara cika guga. Igiyar sakwa-sakwa take a hannuna, kuma na sani.